Yadda Ake Tantance Kayan Kwalliya Kafin a Shafa Su a Jiki

Duk abin da ke gaban kwalbar man shafawa talla ne. Hoton mace mai santsin fata, da zanen karas ko gwanda, da alƙawarin haske cikin kwana bakwai, an yi su ne don a ja hankalin mai saye. Abin da ke cikin kwalbar kuwa, in an ga damar faɗinsa, yana can baya cikin ƙananan rubutun da yawancinmu ba ma ko waiwaya.

Sinadaran da ake haɗa kayan kwalliya da su suna da yawan gaske, kuma ba wanda zai haddace su. Ba a ma bukatar haka. Waɗanda ke kai mutane asibiti a ƙasashenmu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: zaiba, da sitiroyid, da hydroquinone a mayukan haske; dalma a kwalli; sai PPD a baƙin lalle da rinin gashi. Wadda ta san waɗannan biyar ta kauce wa mafi yawan haɗarin. Da mata nake magana a nan don su suka fi saye, amma maza ma su saurara, domin yanzu samari da yawa suna da nasu kwalaben a ɓoye.

Mataki na ɗaya: fito da komai, ki jera

Kafin ki je kasuwa, fara da abin da ke kan madubinki. Ki zube su duka a tabarma: man jiki, man fuska, sabulu, hoda, jan baki, gazal, kwalli, lalle, man gashi, har da na yara. Sai ki ware waɗanda ake shafawa a bar su a jiki daga waɗanda ake wankewa nan take. Man da ke kwana a fatarki kullum, daga wuya har tafin ƙafa, ya fi sabulun da ake ɗaurayewa bayan minti biyu samun damar shiga jini. Haka abin da ke taɓa ido ko leɓe ya fi wanda ke zama a farce. Na jarirai da na mai juna biyu ko mai shayarwa su ne za ki fara dubawa, domin fatar jariri siririya ce, kuma wasu sinadaran suna ratsa mahaifa, suna kuma fita a ruwan nono.

Mataki na biyu: duba kwalin kafin abin da ke ciki

Kaya na ƙwarai yana ɗauke da sunan kamfanin da ya yi shi da cikakken adireshinsa, da lambar rukunin da aka sarrafa shi a ciki, da ranar yi da ranar lalacewa, da jerin sinadarai. A Najeriya kuma sai an ga lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna. A Gana hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ce ke wannan aikin. Ana buga lambar bogi, don haka ganinta kaɗai bai wadatar ba. In kina da intanet a waya, ki shiga shafin hukumar ki nemi lambar, ki ga ko sunan kayan da ya fito ya yi daidai da na hannunki. Lambar man gashi a jikin man fuska alama ce ta jabu.

Akwai wani ɗan zane da ba a cika lura da shi ba: hoton gwangwani da murfinsa a buɗe, an rubuta 6M ko 12M ko 24M a jiki. Yana nufin watannin da kayan zai yi lafiya bayan an buɗe shi. Da zafin da muke fama da shi a watan Maris da Afrilu, kayan kan riga wannan wa'adi lalacewa, musamman wanda ya yini a rana kan teburin mai talla. In man ya rabu, ruwa a sama guda-guda a ƙasa, ko launinsa ya koma ruwan ƙasa, ko warinsa ya sauya, ya gama aiki.

Inda matsalar ta fi girma shi ne man haɗi. Za ki ga roba fara, babu suna, ko an manna mata takarda mai kyau da sunan mai sayarwa da lambar wayarta, an rubuta cewa daga tsirrai zalla aka yi shi. Ana tallarsa a Instagram da TikTok da gidajen gyaran amare, ana kuma haɗa shi a gaban mai saye a wasu shaguna: a matse bututu uku ko huɗu a cikin man jiki, a zuba wani ruwa daga ƙaramar kwalba, a juya da cokali. Ita kanta mai haɗin sau da yawa ba ta san yawan abin da ta zuba ba, kuma ba da mugun nufi take yi ba, haka aka koya mata. Amma ba wani ganye ko 'ya'yan itace da ke mai da baƙar mace fara cikin mako biyu. Kurkur da dilka da sabulun salo suna goge datti da matacciyar fata, jiki ya yi sheƙi, iyakarsu ke nan. In launi ya sauya da sauri haka, akwai magani a ciki, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Don haka duk abin da ba shi da jerin sinadarai, ki ajiye shi gefe tun a wannan mataki. Ba abin da za ki karanta a kansa, balle ki tantance.

Mataki na uku: koyi karanta jerin

Za ki same shi a ƙarƙashin kalmar Ingredients. Sunayen kusan iri ɗaya ne a mafi yawan ƙasashe, ko kayan daga Faransa ya zo ko daga Indiya ko Legas, don haka ba sai kin iya Turanci ko Faransanci ba. Kamanta haruffa kawai za ki yi. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Abin da ya zo farko, galibi Aqua, wato ruwa, shi ya fi yawa. Waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba ana iya jera su yadda aka ga dama a ƙarshe.

Wannan kaɗai zai tona miki asirin talla da yawa. Kwalbar da aka cika gabanta da hoton ƙwallon kaɗanya, sai ki tarar Butyrospermum Parkii, sunan man kaɗe ke nan a jerin, yana can kusa da ƙarshe bayan turare. Kin sayi ruwa da man fetur da aka tace, da ɗigon man kaɗe. Ba cutarwa zai yi ba, amma da kuɗin kin sayi na gaske a kasuwar ƙauye ya fi miki.

Dogon suna mai wuyar faɗa ba shi ne alamar guba ba. Tocopherol bitamin E ne, Glycerin kuma yana riƙe laima a fata. In kin ga Parfum ko Fragrance, ki sani kalma ɗaya ce da ke iya rufe sinadarai masu yawa, kuma turare na cikin abubuwan da suka fi jawo ƙaiƙayi da borin fata. Mai fata mai saurin tashi, da jariri, gara a nema musu wanda ba ƙamshi.

Mataki na huɗu: farauto manyan uku a man haske

A nan za mu daɗe, domin nan ɓarnar take. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa wallafawa sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan haska fata, kuma a shekarar 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar.

Ta farko ita ce zaiba. A jerin za ki gan ta da sunan mercury, ko mercurous chloride, ko calomel, ko ammoniated mercury, ko wata kalma da ta fara da mercur, ko haruffa biyu Hg. Tana hana fata yin sinadarin da ke ba ta launi, shi ya sa take saurin aiki. Amma ba a fata take tsayawa ba. Tana taruwa a ƙoda, har mace ta fara kumburin ƙafa da fuska, fitsarinta yana kumfa. Tana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa: rawar hannu, mantuwa, rashin barci, saurin fushi, jin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Kuma ba mai shafawa kaɗai take kamawa ba. Tana bin tawul da zanen gado da matashin kai, tana tashi a iskar ɗaki, yaron da ake goyo da mijin da ake kwana tare duk su samu rabonsu. A 2019 wata mata a birnin Sakaramento na Amurka ta faɗa dogon suma saboda man fuskar da aka kawo mata daga Meziko. Da aka auna man, zaibar da ke ciki ta ninka abin da doka ta yarda da shi sau 12,000.

Iyakar da aka daɗe ana bi ita ce miligiram 1 a kowane kilo na mai. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka raɗa wa sunan garin Japan da gubar zaiba ta yi wa ɓarna tun shekarun 1950, ita ma ta ɗauki wannan iyaka, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da ita. A 2023 ƙasashen suka yanke cewa bayan shekarar 2025 ba a yarda a zuba zaiba a kayan kwalliya ba ko ƙanƙani. Matsalar ita ce masu zuba ta ba sa rubutawa. Ido ba ya gane ta, hanci ma haka. Sai ɗakin gwaji. Abin da za ki iya yi shi ne ki guji man haske da sabulun haske da ba su da rajista, musamman ƙananan gwangwanayen da ake shigowa da su a jaka, masu alƙawarin goge tabo da ƙuraje da tamoji duk a lokaci guda.

Na biyu shi ne sitiroyid. Nemi clobetasol, betamethasone, fluocinonide, da duk sunan da ya ƙare da sone ko solone ko onide. Waɗannan magunguna ne na gaske, likitan fata yana rubuta su don wasu cututtuka, a shafa a ɗan wuri na 'yan kwanaki a daina. Bututun Dermovate clobetasol ne a ciki, Funbact-A kuma yana ɗauke da betamethasone tare da maganin ƙwayoyin cuta. Laifin ba na maganin ba ne, laifin mai da shi man shafawar kullum ne. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda ake matse irin waɗannan bututu a cikin basilin ko man kaɗe a shafa wa jariri tun daga suna, wai don fatarsa ta yi kyau. Jikin jariri yana zuƙe maganin fiye da na babba nesa ba kusa ba, yana iya hana shi girma yadda ya kamata, ya kuma raunana garkuwar jikinsa. In kakar yaro ko ungozoma ce ta kawo shawarar, a yi mata bayani cikin ladabi, amma kada a shafa.

A jikin babba alamunsa ba sa ɓuya. Fata ta yi siriri har a riƙa ganin koren jijiyoyi, nankarwa masu faɗi su fito a damtse da cinya da ƙirji ba tare da ciki ko ƙiba ba, ƙuraje su cika fuska, gashi ya tsiro a haɓa, makero da ƙyasbi su ƙi jin magani, ɗan ƙaramin rauni ya yi makonni bai warke ba. Wannan na ƙarshen likitocin tiyata sun san shi sarai, domin fatar da ta yi laushi haka ba ta riƙe ɗinki da kyau, kuma ba macen da ta san ranar da haihuwa za ta zo mata da aiki. In ya shiga jini sosai yana kawo hawan jini da ciwon suga, fuska ta yi zagaye ta kumbura.

Na uku hydroquinone. Wani lokaci a rubuta shi 1,4-benzenediol ko quinol. Dokar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan kwalliya ba. Tarayyar Turai ta cire shi daga mayukan fata gaba ɗaya tun 2001, Kodebuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, Gana ma ta bi sahu, Amurka kuma tun 2020 sai da takardar likita. Likitoci suna ba da shi don baƙin tabo na fuska, na 'yan watanni, a kan tabon kaɗai. In aka ɗauki shekaru ana shafawa, musamman a ƙarƙashin ranarmu, sai ya juya ya yi akasin abin da ake nema: baƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito a kumatu da gefen ido da bayan wuya, fatar wurin ta yi kaushi. Wannan tabo yana cikin ƙasan fata, kuma da wuya ya goge. Mai shi sai ta ɗauka man ne ya yi rauni, ta ƙara mai ƙarfi, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Ga kuma gaɓoɓin yatsu da gwiwa da idon sawu da suke ƙin bin sauran jiki, waɗanda kowa ya san su.

Akwai 'yan uwansu masu sauƙi da ake yawan gani yanzu: kojic acid da arbutin. Ba su kai waɗancan haɗari ba, amma su ma da iyaka. A Turai kojic acid ba ya wuce kashi 1 cikin 100, kuma a fuska da hannu kaɗai. Alpha-arbutin kashi 2 a man fuska, rabin kashi 1 a man jiki. Arbutin yana iya rikiɗa ya zama hydroquinone, don haka wadda ta gudu daga wancan kada ta ɗauka ta yi nisa. Allurar glutathione da ake yi a wasu gidajen gyaran jiki kuwa, ba a amince da ita a matsayin maganin haska fata ba, kuma duk abin da za a zuba a jijiya a wurin da ba asibiti ba, haɗarinsa ya wuce batun kwalliya.

Mai juna biyu ta ƙara da retinol da tretinoin a cikin abin da za ta ajiye har ta haihu.

Mataki na biyar: kwalli

Wannan yana da nauyin faɗa, don kwalli abin gado ne, kuma da yawa suna sa shi da niyyar bin sunna. Amma dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, a mafi yawan lokuta dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston suka ga dalma ta hau a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan 'yan Najeriya. Da aka bi diddigi sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma da aka auna shi, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa labarin a 2012, har ta ambaci sunayensa uku: tiro, tozali da kwalli.

Mutanen Arewa ba sa bukatar a gaya musu mene ne gubar dalma, bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu sanadiyyar niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Ta kwalli ba ta kisa farat ɗaya irin wancan. A hankali take aiki: yaro ya murza ido ya kai hannu baki, hawaye ya wanke kwallin ya bi ta hanci ya sauka ciki, kullum kaɗan-kaɗan. Ba wani adadin dalma da aka sani ba ya cutar da yaro. Tana rage kaifin ƙwaƙwalwa da jini, kuma abin da ta rage a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa.

Abin yi: kada a sa wa jariri da ƙaramin yaro kwallin dutse, ko a ido ko a cibiya. Mai juna biyu ma ta dakata. Babbar da ke son kwalliyar ido ta nemi gazal ko fensirin ido mai rajista, wanda a jerinsa za ta ga CI 77499 ko CI 77266, baƙin ƙarfe da baƙin gawayi ke nan. Rubuta ismid a jikin kwalba ba hujja ba ce, domin an sha auna irinsu a tarar da dalma. In an daɗe ana sa wa yaro, a nemi gwajin dalma a jini a babban asibiti.

Mataki na shida: lalle da rinin gashi

Ganyen lalle ja yake bayarwa, daga ruwan goro zuwa ja mai duhu, kuma sai ya yi awanni a hannu kafin ya kama. Ba ya yin baƙi. Baƙin zanen fulawa da ke kamawa cikin rabin awa, dayis ne aka haɗa, kuma abin da ke cikinsa shi ne para-phenylenediamine, wato PPD, sinadarin rinin gashi. Ko a rinin gashin, Turai ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an gauraya ba, kuma ba a halatta shafa shi kai tsaye a fata ba.

Ba kowa yake yi wa illa a karon farko ba, shi ya sa ake raina shi. Wadda jikinta ya ƙi shi, sai bayan kwana uku zuwa mako biyu zanen ya tashi ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ya yi ruwa, daidai yadda aka zana furen. Wani lokaci tabon ya zauna har abada. Daga nan kuma jiki ya riƙe abin: duk ranar da ta sake rina gashi, fuska da fatar ido su kumbura. Amarya ta fi kowa shiga haɗarin, don ana yi mata ƙunshi kwana biyu ko uku kafin a kai ta, wato daidai lokacin da abin zai tashi.

Ki tambayi mai ƙunshi kai tsaye: “Yaya, me kika zuba a ciki?” In ta nuna miki ƙullin rinin gashi, kin samu amsa. In dole sai an yi baƙin, a gwada ɗan ɗigo a bayan kunne ko cikin damtse mako biyu kafin biki, kuma kada a yi wa yara ko kaɗan. Garin dayis ɗin a ɓoye shi inda hannun yaro ba zai kai ba. Haɗiye shi yana kumbura maƙogwaro ya toshe numfashi, ya kashe ƙoda, abin da asibitocin Sudan da Maroko suka daɗe suna fama da shi.

Shi kansa jan lallen ba na jarirai ba ne. Yara da yawa a yankinmu, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kuma lalle yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri ma haka suke yi.

Mataki na bakwai: rilaksa da hoda

Man miƙar da gashi soda ce mai ƙarfi: sodium hydroxide, ko calcium hydroxide da guanidine carbonate a cikin waɗanda aka rubuta wa no-lye. Duka suna ƙona fatar kai. Kada ki sosa kai ko ki tsefe kitso da ƙarfi a ranar, ki shafa basilin a goshi da kunne da tsagar gashi, ki sa shi a sabon tsiro kaɗai, ki bi mintunan da aka rubuta a kwali ba sai kin ji zafi ba, sannan ki bar aƙalla mako takwas tsakani. Wani bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka da aka fitar a 2022, wanda ya bibiyi mata fiye da 33,000, ya ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba su taɓa miƙar da gashi da sinadari ba, kashi 1.64 cikin 100 za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70, amma cikin masu yi fiye da sau huɗu a shekara adadin ya kai kashi 4.05. Binciken alaƙa ya nuna, bai ware sinadari guda ya ce shi ne ba, amma ya isa dalilin rage yawan yi, da barin kan 'yan mata ƙanana ya huta. Wanda ake shafawa a bi da ƙarfen guga mai zafi kuwa, ki duba ko akwai formaldehyde ko formalin ko methylene glycol. Tururinsa sanannen mai jawo sankara ne, kuma mai shagon da ke shaƙarsa kullum ta fi kowa cutuwa.

Hoda mai Talc matsalarta biyu: jariri yana shaƙar ƙurarta, kuma dutsen da ake haƙo ta wani lokaci yana haɗe da asbestos. Kamfanin Johnson & Johnson ya daina sayar da hodar jarirai ta talc a duk duniya a 2023, ya koma ta garin masara. A 2024 kuma cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa talc cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo sankara. Kada a barbaɗa ta a al'aura, kuma kada a kaɗa ta kusa da fuskar yaro.

Mataki na takwas: kada tsoro ya tafi inda bai kamata ba

Za ki ji ana ta kururuwa a kan paraben da sulfate da silicone. Turai ta hana paraben iri biyar a 2014, amma methylparaben da ethylparaben suna nan halal a ƙananan adadi, kuma aikinsu hana mai yin ruɓa ne. Sulfate yana busar da fata, ba ya wuce nan. A ganina abin takaici ne mace ta ƙi man kanti mai rajista saboda paraben, ta koma ga robar haɗi da aka rubuta wa “babu sinadari”. Waɗanda suka cancanci a lura da su a wannan rukuni su ne methylisothiazolinone, da DMDM hydantoin, da quaternium-15, don suna yawan tayar da borin fata ga wasu mutane.

Mataki na tara: gwada kafin ki shafe jiki

Sabon mai, ko da ya tsallake duk matakan baya, ki shafa kaɗan a lanƙwasar gwiwar hannu, safe da yamma, kwana bakwai zuwa goma. In sabulu ne ko abin wankewa, ki bar shi minti biyar ki ɗauraye. Rinin gashi ana gwada shi awa 48 kafin amfani, kowane karo, ko da kin saba da shi. Ja, ƙaiƙayi, ƙuraje ko raɗaɗi na nufin a bari. Maganar cewa “yana aiki ne, ki daure” ba gaskiya ba ce. Kada ki fara sababbin kaya biyu a mako ɗaya, don in abu ya tashi ba za ki san wanne ne ba. Wannan gwaji borin fata kaɗai yake nunawa. Zaiba da dalma suna iya wucewa lafiya lau ba ko ƙaiƙayi.

Mataki na goma: in an riga an daɗe ana shafawa

Yadda ake dainawa ya danganta da abin da ke ciki. Mai zaiba a daina shi yau, a ɗaure shi a leda biyu, a wanke tawul da zanen gado da kyau, a je asibiti a nemi gwajin fitsari da na ƙoda, a kuma faɗa wa likita in akwai yara a ɗakin. Hydroquinone ma ana iya ajiye shi kai tsaye.

Sitiroyid ne ba a yanke shi rana ɗaya in an yi watanni ana shafe jiki da shi. Jiki ya saba samunsa daga waje, ya rage yin nasa, don haka yankewa farat ɗaya na iya kawo kasala mai tsanani da jiri da faɗuwar jini. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa. Man haɗin da ba ki san cikinsa ba, ki ɗauka akwai sitiroyid, ki tafi da robar asibiti ki nuna, kuma ki faɗi gaskiyar shekarun da kika yi kina shafawa. Kunya a nan ba ta da amfani.

Ki shirya wa makonnin farko. Fata za ta yi ja, ta yi zafi, ƙuraje su fito, launi ya dawo har ya fi na da duhu na ɗan lokaci. A nan mafi yawa suke karaya su koma. Abin da ke taimakawa shi ne mai mara ƙamshi kamar basilin ko man kaɗe zalla, sabulu mai laushi, barin goge jiki da soso mai kaushi, da man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama a fuska da wuya da bayan hannu kowace safiya, tare da laima ko mayafi in za a fita da tsakar rana. In tabon ƙuraje ne dama ya kai ki ga bilicin, ki tambayi likitan fata game da azelaic acid ko niacinamide, waɗanda ke rage tabo a hankali ba tare da sun sauya launin jiki ba.

Kayan da ya cutar da ke kada ki ba ƙanwa ko 'yar aiki don gudun asara. Ki ɗauki hotonsa gaba da baya, da lambar rukuninsa, ki rubuta inda kika saya da ranar, ki kai rahoto ofishin NAFDAC na jiharku, ko hukumar da ke kula da magunguna in a wata ƙasa kike. Da irin wannan rahoto ake gano kayan da ya kamata a janye daga kasuwa.